Kafin Ki Kai Kuɗinki Kasuwar Tawa

Yamai, daren Alhamis

Auta,

Yaya ƙafar Inna da wannan sanyi da ya fara shigowa? Yaya aikin lakwal, an koma lafiya? Na ji an ce hatsi ya yi dama-dama a gonar Kawu bana, Allah ya sa albarka, ya sa a ci lafiya. Mu nan duk lafiya lau muke, mai ɗakina da yara suna gaishe ki.

Saƙonki na murya ya iso, tare da hoton mikron da mai shago ya nuna miki a Tawa, wancan mai kai ruwan zinariya, da hannun ƙarfe mai lanƙwashewa, da faifan raga a gabansa. Na ga ya shiga ranki, kuma ban ga laifinki ba, don an ƙera shi ne ya cika ido. Amma ki bar shi inda kika gan shi. Na ƙi amsa miki ta waya ne saboda maganar tana da tsawo, kuma ina so takardar nan ta kasance cikin jakarki ranar da za ki shiga kasuwa. Jikka talatin ɗin da kika kwasa a adashi ba kuɗin wasa ba ne, na san yadda kika matse kanki kafin su taru.

Abu uku kika lissafa mini. Kina so ki riƙa karanta wa ɗalibanki darasi kina tura wa iyayensu ta WhatsApp. Kina so hirarku da baban yara da ke Abijan ta daina yankewa da amsa-kuwwa. Sannan kina so ki zauna da Gwaggo da tsararrakinta, matan da suka yi aikin Proje Keita, ki ɗauki labarinsu daga bakinsu. Na ukun nan shi ya zaunar da ni rubutu da daren nan, kuma da shi zan auna duk shawarar da zan ba ki.

Ke ba a haife ki ba lokacin, ni kuwa ina ɗan yaro mai bin Inna a baya. A 1984 aka fara Proje Keita, cikin farin da mutanenmu ke kira El-Buhari, da kuɗin ƙasar Italiya, hukumar noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, na jan ragamar aiki, hukumarta ta abinci, PAM, na ba da abinci a madadin lada. Mazan Adar sun watse biɗa, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu inda Allah ya kai su, saboda haka mafi yawan waɗanda suka hau duwatsun nan mata ne. Su suka ɗauki dutse a ka, suka haƙa ramuka a jikin tudu, suka jera shingen da ke tare ruwa, suka dasa miliyoyin itatuwan da kike gani yau daga Keita zuwa Tamaske da Ibohaman da Garhanga. An rubuta rahotanni masu yawa a kan wannan aiki da Faransanci da Italiyanci da Ingilishi, an ƙidaya eka, an ƙidaya madatsun ruwa, kuma kowa ya san sunan Renato Carucci, Baturen da ya jagoranci aikin. Abin da ba na samu idan na nema shi ne muryar macen da ta goya ɗa ta ɗauki dutse, tana faɗin yadda abin ya kasance da Adarancinta. Wadda take da shekara ashirin da biyar a lokacin yau ta haura sittin. Kin ga ke nan aikin da kika ɗauko ba mai jira ba ne, kuma ba kowace tsohuwa za ta ba ki zama na biyu ba idan na farko ya lalace.

Kuma ba ke ce farau ba, don kada wani ya ce miki bidi'a kika ƙirƙiro. Tun 1962 ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta Nijar ta fara tura mutane ƙauyuka da rikoda suna ɗauko maganar manoma ana sawa a gidan rediyon ƙasa. Farfesa Djibo Hamani, da ya fitar da littafinsa kan tarihin Adar kafin zuwan Turawa a 1975, bai tsaya ga takardu kaɗai ba, sai da ya zauna gaban tsofaffi ya saurara. Waɗannan mutane sun yi aikinsu da manyan na'urori masu nauyi da tsada. Salular da ke hannunki ta fi su sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba, abin da ya rage mata kawai shi ne kunne mai kyau a wurin da ya dace.

To ga abin da nake so ki riƙe kafin sunan kowane kamfani. Mikro ba ya gyara murya, abin da ya fi kusa da shi yake ɗauka. Duk lokacin da kika ninka tazarar da ke tsakanin baki da mikro, ƙarfin muryar da ke bugunsa yana raguwa da rabi, abin da masu aikin sauti ke cewa desibel 6. Amma carar zakara da sakin taɓarya da moton da ke wucewa a ƙofar gida ba sa raguwa, suna nan yadda suke. Idan mikro yana taƙi ɗaya daga bakin Gwaggo, wato wajen santimita 20, kika janye shi zuwa santimita 80, kashi ɗaya cikin huɗu na muryarta ya rage, hayaniyar gida kuwa ta samu fili. Shi ya sa ɗan mikron jikka goma da aka maƙala a wuyan riga yake kayar da na jikka ɗari da aka ajiye kan tebur can gefe. Na sha ganin haka a wurin aiki: a kawo mana sauti daga na'ura mai tsada mu kasa amfani da shi, a kawo wani daga salula tsohuwa ya fita tas, bambancin kawai inda aka ajiye su.

Mikro iri biyu za ki tarar a kasuwa. Akwai dinamik, irin wanda ladan ke riƙewa a masallaci da wanda ake wa'azi da shi. A cikinsa akwai ƴar fata siririya manne da naɗin zaren tagulla, zaren kuma yana zaune cikin mayen ƙarfe. Murya ta bugi fatar, zaren ya motsa, motsin ya haifar da ƴar wutar da ake mayarwa sauti. Ba ya bukatar batir, ba ya tsoron faɗuwa sosai, ƙura da zafi ba sa saurin kashe shi. Jinsa ba shi da kaifi, dole sai an kusance shi, kuma wannan dolen ce alherinsa a gida irin namu, don kusantar ce ke danne hayaniya. Na biyun shi ne kondansa. Shi faranti biyu ne sirara ƙwarai da ke fuskantar juna, kuma sai an ba shi wuta yake aiki. Jinsa yana da kaifi, yana kama numfashi da motsin leɓe, shi ya sa ake son sa a ɗakin ɗaukar waƙa da aka toshe ko'ina. A tsakar gidanmu kuwa zai kama tunkiyar maƙwabta da kaifin da ya kama Gwaggo, musamman da yake mutane sun saba ajiye shi nesa da baki.

Wanda kika turo hotonsa kondansa ne, irin da ake sayarwa da sunan BM-800, kamfanoni barkatai ke yin sa suna buga sunan da suka ga dama. A gindinsa akwai ƙafa uku, mahaɗin da ake kira XLR, kuma an tsara shi ya sha wuta daga akwatin sauti mai ba da bolt 48. Salula ba ta ba da ko kusa da haka. Idan kika haɗa shi kai tsaye da wayar da ke cikin kwalinsa, ko dai salular ta ƙi ganinsa sam, ko ki ji murya can ƙasa-ƙasa, da kin ƙara ta kuma sai shuuu ta taso. Daga nan mai shago zai ce ki ƙara kuɗi ki sayi ɗan akwatin nan V8 mai maɓallan tafi da dariya da amsa-kuwwa. Wannan kayan samari masu waƙa kai tsaye a TikTok ne, kuma a wurinsu yana da amfaninsa. Ke kuwa amsa-kuwwa ce abin da kike gudu. Ki kuma tuna da hannun ƙarfen: sai an ɗaure shi a tebur, alhali Gwaggo kan tabarma za ta zauna, kuma gida-gida za ki bi.

Abin da zan ce ki saya shi ne ɗan mikron maƙalawa a riga mai waya. Wanda na fi sani kuma na ga ya jure hannun ƴan jarida shi ne Boya BY-M1. A kasuwannin waje kuɗinsa bai cika wuce dalar Amurka 20 ba, a nan kuwa ki sa ran wani abu kusa da jikka goma zuwa sha biyar, gwargwadon hannun da ya biyo. Shi ma ɗan kondansa ne, amma irin wanda ƴar wutar da salula ke bayarwa ta ishe shi, kuma da yake a ƙirji yake zama, kusanci ya riga ya yi masa rabin aiki. Wayarsa mita 6 ce, za ki iya zama a gefe da salular a hannunki ba tare da kin tsaya wa tsohuwa a ka ba. Yana da ɗan maɓalli a jikinsa, gefe ɗaya na kyamara, gefe ɗaya na salula. Ki bar shi a gefen salula. Ƙaramin batir LR44 da ke ciki na kyamara ne, ke ba ruwanki da shi.

Akwai abu biyu da ke ruɗa mutane game da shi, gara ki san su tun yanzu. Idan yana soke a jikin salula, ita tana ɗauka abin sawa a kunne aka sa mata, saboda haka in kin kunna abin da kika ɗauka ba za ki ji komai ba sai kin zare shi. Mutane da yawa sun mayar da mikro mai lafiya shago saboda wannan. Na biyu, wasu salulolin suna ƙyale mikron waje su ci gaba da ɗauka da nasu na ciki, musamman wajen bidiyo, ke kina can kina zaton komai daidai. Maganin wannan sauƙi ne: kafin kowane zama ki kunna ɗauka, ki ɗan kankari kan mikron da farce, sannan ki kankari gindin salular, ki saurara ki ji wanne ya fito da ƙarfi.

Ki duba bakin da ake sokawa. Wanda salula ke karɓa yana da zobe baƙi uku a jikin ƙarfen, na zobe biyu na kyamara ne da rediyo, ba zai kai murya cikin salula ba. Taki Tecno tana da ramin, na gani a hannunki da salla, don haka kin huta. In wata rana kika canza zuwa wadda ba ta da rami sai na caji, za ki nemi ɗan mahaɗi na USB-C, kuma shi ma sai an gwada, ba kowanne ke wucewa da mikro ba.

Na san za a nuna miki marasa waya, ƴan ƙananan nan da ake rubuta wa K8 ko K9 ko K35, don su ke tashe yanzu kuma suna da araha. Don ɗan bidiyon talla a bakin shago ba su da laifi. Don aikin Gwaggo ban yarda da su ba. An sa musu dabarar rage hayaniya mai tsanani, wadda ke yanke duk abin da ya yi ƙasa da wani ƙarfi, tsofaffinmu kuwa in magana ta kai inda take da nauyi sassauta murya suke yi, ƙarshen zance ya fita a hankali. Daidai wurin da kike bukata shi na'urar za ta ɗauka hayaniya ce ta haɗiye. Ga batirinsu a like yake ciki, zafin watan Afrilu na Adar ya dafa shi shekara ɗaya ko biyu ya daina riƙe caji, ba kuma a canza shi. Akwai marasa waya na kirki, irin na Rode da DJI da Hollyland, amma galibinsu kuɗinsu ya wuce abin da ke hannunki, kuma ba ki da matsalar da waya mai mita 6 ba ta warware ba.

Idan Allah ya hore nan gaba, darussan da kike karantawa suka yi yawa har kika ware kusurwa a ɗaki domin su, sai ki nemi dinamik mai USB. Samson Q2U da Audio-Technica ATR2100x su ne biyun da zan ambata, kuɗinsu a waje tsakanin dalar Amurka 60 ne zuwa 100. Suna shiga kwamfuta kai tsaye, suna shiga salula ta ɗan mahaɗin da ake kira OTG, suna da ramin da za ki sa abin kunne ki ji kanki yayin da kike magana, kuma suna da ƙafa ukun nan ta XLR, ko da wata rana rediyon gari ya gayyace ki da kayanki. Gabansu kawai suke ji sosai, bayansu kurma ne, kamar cocila da ke haska inda aka nuna ta, shi kuwa na maƙalawa fitilar ƙwai ce mai haska ko'ina. Sai dai suna shan batirin salula, kuma a wasu salulolin sai kin shiga saiti kin kunna OTG da hannunki, in an jima ba a yi amfani da shi ba ya kashe kansa. Wani zai ce miki ai Shure SM58 ne sarki. Gaskiya ne mikro ne na ƙwarai, tun 1966 ake yin sa kuma har yau shi ne a hannun mawaƙan duniya, amma na ainihi wajen dalar Amurka 100 yake, ya haura jikka hamsin ke nan, kuma sai da akwatin sauti. Duk wanda ya miƙo miki shi a jikka bakwai, jabu ya miƙo miki, an cika kasuwanni da su.

Maganar hira da baban yara ba ta bukatar ko dala. Yankewar da kike ji ta rezo ce, babu mikron da zai gyara ta, sai dai ki nemi inda ya fi kamawa a gidan da lokacin da mutane suka rage hawa. Amsa-kuwwar kuwa daga buɗe lasifika take: muryarsa ta fito daga salularki, ta sake shiga mikronta, ta koma masa. Ku sa abin kunne mai waya ku duka biyu, irin wanda ke zuwa cikin kwalin salula, za ki ga ta ɗauke. Ɗan mikron da ke rataye a wayarsa yana kusa da baki, ya wadatar. In yara za su gaishe shi, a ba su kunne ɗaya-ɗaya bi da bi.

Yanzu ɗaki, wanda a wurina ya fi mikron kansa muhimmanci. Kada ki ɗauki darasi a aji. Siminti a ƙasa, siminti a bango, kwano a sama, murya tana bugun wannan ta koma wancan, ta dawo mikro a makare ta dagula wadda ke fitowa. Ki shiga kowane ɗaki ki tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In kin ji tafin ya yi wutsiya, ɗakin bai yi ba. In ya mutu nan take, ki shimfiɗa tabarmarki. Za ki tarar ɗakin Gwaggo na laka, mai rufin itace da ƙasa, da gado da katifa da tulin tufafi, ya fi ofishin kowane babban ma'aikaci a Keita kyawun sauti. Laka ba ta da santsi, tana shanye murya maimakon ta mayar da ita. Abu guda za ki kula da shi a ɗakunan tsofaffin nan, wato jeren kwanoni da tasoshi a bango. Suna amsa murya da wani ɗan ƙara siriri da kunne ba ya lura da shi sai an saurara daga baya. Ki zaunar da ita nesa da jeren, ko ki roƙi izini ki yafa masa zane.

A naki ɗakin na siminti, ki rataya bargo mai kauri a bangon da ke bayanki da wanda kike fuskanta, ki shimfiɗa tabarmar Madawa biyu a ƙasa, ki saki labule. Tabarma ita kaɗai a bango ba ta da kaurin da zai sha murya sosai, amma in kin sa bargo a bayanta ta yi kyau ta kuma yi aiki. Kada ki kashe kuɗi kan soson nan mai ƙurajen ƙwai da ake mannawa a bango. Ki kashe fanka ko da ana zafi, ki yi haƙurin minti goma. Lokaci kuma ki zaɓe shi: bayan an gama dakan safe kafin azahar, ko bayan lisha in yara sun kwanta. Da damina, in hadari ya haɗo kuma rufin kwano ne, ki ɗage zaman kawai.

Iska kuwa kin fi ni sanin ta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ta raga wa kowa a ƙasarmu, ita ce ta sa tun 1975 aka fara jera layukan dogonyaro a kwarin Majiya ta wajen Buza don kare gonaki. Na san za ki so wata tsohuwa ta kai ki kan tudun da ta yi aiki ta nuna miki da hannunta, kuma ya kamata ki je, don a can ne za ta tuna abin da ba za ta tuna a ɗaki ba. Ɗan soson da ke kan mikro na cikin ɗaki ne, yana tare hucin baki kawai. A waje sai an sa masa hular gashi, ana sayar da ita da arha, in ba ki samu ba tela zai ɗinka miki daga ƙyallen gashin nan na wuyan rigar sanyi ta gwanjo. Ki sa mai magana ta ba iska baya, jikinta ya zama katanga.

Wajen maƙalawa, ki sa shi taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, a bisa mayafi ko hijabi, ba a ƙarƙashi ba, don gogar ƙyalle tana fita kamar ana yaga takarda. Ke mace ce, za ki iya gyara mata da hannunki ba tare da wani nauyi ba, abin da ni ba zan iya ba, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa nake ganin aikin naki ne. Ki lura da carbi da awarwaro. Kada ki ce ta ajiye carbinta, ki dai roƙe ta ta sauke hannun kan cinya. In an gama, ki naɗe wayar a hankali ba tare da kin karya ta a wuya ba, don nan ne take fara mutuwa, ki sa mikron cikin roba mai murfi saboda ƙura.

Kada ki ɗauki sauti salula tana kan caji. Wutar gida tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma caja mai arha tana shigo da wannan gurnani cikin sauti, cire shi daga baya sai ya ci wani abu daga muryar. Ki cika batir tun da dare. Ko ba don gurnani ba, abin da muka gani a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ya isa ya sa mutum ya zaɓi kayan aikin da ba su rataya ga soket ba. Ki kuma sa salular a yanayin jirgin sama kafin ki fara, don kira ɗaya yana iya katse ɗauka a tsakiyar labari.

Kada ki ɗauka da maɓallin saƙon murya na WhatsApp. Yana matse sauti ƙwarai don ya yi sauƙin tafiya, abin da ya zubar kuma ba ya dawowa. Ki sauke manhajar rikoda wadda ke ajiyewa a WAV, ki zaɓi 48,000 da layi ɗaya. Minti guda yana cin kusan megabait 6, awa guda wajen 350, memori mai gigabait 32 zai ɗauki kusan awa casa'in. Ragowar kuɗinki nan za su tafi: memori na ainihi guda biyu, abin kunne mai rufe kunne don saurare, da batirin ajiya in sun kai. Memori ma akwai jabu, mai nuna 32 alhali cikinsa bai kai ba, saboda haka ki cika shi da bidiyo ki buɗe na farko da na ƙarshe kafin ki amince masa. Duk abin da kika ɗauka ya kwana a wuri biyu. In za ki turo mini, ki tura shi a matsayin takarda, ba a matsayin sauti ba, sai ya iso yadda yake. Darussan yara kuwa ki ɗauka da kyau tukuna, sannan ki matse kwafi ki tura wa iyaye don kada ya cinye musu kuɗin intanet.

A farkon kowane zama ki faɗi ranar da garin da sunan mai magana da bakinki, ita ma ta faɗi nata, ta kuma faɗa cewa ta yarda. Ki gaya mata gaskiyar inda muryar za ta je, ko ajiya ce ta zuri'a, ko za a sa a rediyo, ko za ta shiga salular mutane. In ta ce wani sashe kada ya fita, kada ya fita. Wasu za su so ɗansu ko maigidansu ya sani tukuna, ki bi ta nan, ba ɓata lokaci ba ne. Sannan ga wani abu mai wuya a gare mu Hausawa: mun saba raka mai magana da to, da haka ne, da ikon Allah, kuma tsohuwa in ta ji shiru sai ta zaci ba a biye da ita. Amma duk amsar da ta hau kan maganarta ba ta ciruwa. Ki gaya mata tun farko cewa da kai da ido za ki riƙa amsawa, ki bar amsar baki sai ta kai aya. In ta yi shiru kada ki yi gaggawar cike wurin da tambaya, sau da yawa abin da ke biyo bayan shirun ya fi wanda ya gabace shi. Ki zauna kusa da ita yadda tambayarki za ta shiga mikron da ke ƙirjinta.

Wajen saye, ko a Tawa ne, ko Ƙonni, ko kika ba wani ɗan kasuwar Tamaske mai zuwa Kano sautu ya duba miki a Farm Centre, sharaɗin ɗaya ne: a gwada a salularki, ko irin taki sak. In da kanki kika je, ki soka, ki yi gwajin farce, ki yi magana minti ɗaya cikin hayaniyar kasuwar, ki murɗa wayar a hankali ta wajen wuya da ta wajen baki yayin da yake ɗauka, sannan ki zare ki saurara da abin kunne. In kin ji ƙaras-ƙaras lokacin murɗawa, ki ce a ba ki wani. Boya ɗin ma ana yin jabunsa, don haka kunnenki ne shaida, ba kwali ba. Ki yi magana da mai shago a gaban mutum cewa in ya ƙi aiki cikin kwana biyu za ki dawo da shi. In kuma ba ki samu mai kyau a can ba, ki bar ni in saya a nan in gwada da kaina, in ba motar Tawa, yaron Kawu ya karɓo miki a tasha.

Amma kada ki jira mikro kafin ki fara. Jibi Asabar ba lakwal, ki je wurin Gwaggo da hantsi, ki ɗora salular kan matashi taƙi ɗaya ko biyu daga bakinta, gindin salular yana fuskantarta don nan mikronta yake. Ki fara da tambayarta ranar farko da ta hau tudu, wa ya rubuta sunanta, me aka auna mata a ƙarshen mako, wa ta bar wa yara. Ki turo mini minti biyu daga ciki in ji yadda ɗakin yake, sai in faɗa miki ko a matsa gado ko a rufe jere. Ki kuma tambaye ta sunayen sauran matan ƙungiyarsu da ke raye, da garuruwan da suke aure, ki rubuta, a fara da wadda ta fi tsufa ko ta fi rashin lafiya.

Ki gaishe da Inna ƙwarai, ki ce mata man zafin da ta ce in nemo na samu, zan haɗo shi da saƙon. Ki gaishe da Gwaggo da Kawu da mutanen gida baki ɗaya, in kun yi waya da baban yara ki isar masa da gaisuwata. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki sa'ar wannan aiki.

Yayanki.